Yadda za ku kai iyali kwanan tanti a bakin teku ko da ruwan sama zai sauka

Duk mai shirin kwasar iyalinsa zuwa bakin teku su kafa tanti su yi kwana uku ko huɗu, to tun daga gida ya sa a ransa cewa ruwa zai iya dukansu. Yanayin gaɓar teku saurin juyawa gare shi, da safe rana tas, kafin la'asar sai kaga hadari ya haɗo ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso. Amma gaskiya ruwan sama shi kaɗai ba ya ɓata tafiya. Abin da ke ɓata ta shi ne shimfiɗa ta jiƙe, yaro ya kwana cikin sanyi yana kuka, uwa ba ta runtsa ba, washegari kowa ransa a ɓace a ce a tattara a koma gida. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ne kan abu ɗaya: wurin kwana da kayan kwana su zauna a bushe ko ta halin ƙaƙa. In kun samu wannan, sauran duk mai sauƙi ne, yara su jiƙa da rana su yi ta wasansu ba komai.

Mataki na farko, tantin da kansa

Ku fara da girmansa. Adadin mutanen da ake rubutawa a jikin jakar tanti lissafi ne na mutane kwance kafaɗa da kafaɗa ba kaya ba komai, don haka in ku huɗu ne ku nemi na mutum shida. Ranar da ruwa ya tsare ku a ciki na awa biyar da yara masu ƙiriniya zaku gane amfanin wannan filin da ya ƙaru.

Sai kuma ya zama mai rufi biyu, wato akwai na ciki mai shan iska, akwai na waje mai tare ruwa wanda ya sauko har kusa da ƙasa. A jikin takardarsa ana rubuta wata lamba da milimita wadda ke nuna yawan ruwan da yadin zai iya ɗauka kafin ya fara yoyo. Mai 1500 zai riƙe yayyafi da ruwa marar ƙarfi, amma ni in da yara ne ba na son abin da ya gaza 3000 a rufi, ƙasan kuwa ya fi haka, wajen 5000, domin nauyin gwiwa da na jiki na tura ruwa ya ratso ta ƙasa. In da hali ku samu mai ɗan zaure a gaba inda za a cire takalma.

Kar ku taɓa kai sabon tanti ko na aro wurin zango ba ku buɗe shi ba. Ku kafa shi a tsakar gida tukuna, ku ƙirga sanduna da turaku, ku ja kowane zif, sannan ku watsa masa ruwa da tiyo ko bokiti mutum ɗaya yana ciki yana dubawa. Yawanci yoyo ta wurin ɗinki yake farawa, kuma akwai gam na musamman da ake shafawa a ɗinkin, amma yana buƙatar lokaci ya bushe, shi ya sa ba aikin daren tafiya bane. Wannan gwajin zai kuma koya muku kafawa da sauri, wanda ba ƙaramin abu bane in kun isa ana yayyafi.

Ku haɗa da tamfol guda biyu. Ɗaya na shimfiɗawa ƙarƙashin tanti, ɗaya babba na ɗaurawa sama ya zama rumfa. Da ƙarin igiya, da ƙarin turaku, da guduma.

Mataki na biyu, haɗa kaya

Nan ne mutane da yawa ke sakaci, a cusa komai cikin jaka ɗaya a tafi. Ku raba kayan kowane mutum kashi biyu, na yini da na barci. Na barci, wato riga da wando da safa da hular sanyi in yaro ne, a ƙulle su cikin leda mai kauri su kaɗai, kuma dokar ita ce ba a buɗe ledar nan sai an shiga tanti za a kwanta, da safe a cire a mayar a ƙulle. Ko da duk sauran kayan yaro sun jiƙe sharkaf, yana da busasshen abin da zai kwana da shi. Barguna da jakunkunan barci su ma cikin leda, ko da kuwa jakar da kuka zuba su an ce ba ta shan ruwa.

Game da kayan yini, auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta daɗe ba ta bushe ba, kuma tana jan ɗumin jiki. Wandon jins ya fi kowa laifi a nan, in ya jiƙe a wuri mai danshi yana iya kwana biyu bai bushe ba. Yadi irin na jesin 'yan ƙwallo da kuma ulu sun fi, na jesi yana bushewa da wuri, ulu kuma yana riƙe ɗumi ko ya yi danshi. Kowa ya samu rigar ruwa mai hula, yara da takalmin roba, da silifas na bakin teku, safa kuwa ku ninka abin da kuke zaton za a buƙata. Tawul ma kashi biyu, na teku daban na wanka daban.

Kar kowa ya kwanta a ƙasan tanti kai tsaye. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki fiye da iska, to a sa tabarmar soso ko katifar iska, in katifar iska ce a shimfiɗa bargo a kanta kafin a kwanta don iskar cikinta tana yin sanyi da dare.

Sauran ƙananan abubuwa: tocila ga kowane babba, irin ta ɗaurawa a goshi ta fi don hannu ya samu sakewa, ƙarin batir, fawa bank a cike, ashana ko laita cikin kwalba mai murfi, ledojin shara masu yawa, ƙaramar tsintsiya, maganin sauro, akwatin agajin gaggawa mai filasta da bandeji da maganin zazzaɓin yara da gishirin zawo, sai magungunan da wani a cikinku yake sha kullum.

Mataki na uku, inda za a kafa

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi, don tanti mai tsada da aka kafa a kwari sai ya cika da ruwa, mai araha da aka kafa a tudu ya kwana lafiya. Ku yi ƙoƙari ku isa da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin duhu, kuma kafin a sauke ko jaka ɗaya ku zaga wurin da ƙafa kuna tambayar kanku, in aka yi ruwa yanzu ina zai bi, ina zai kwanta? Ƙasar za ta nuna muku. Inda kuka ga laka ta bushe ta tsattsage, ko ganye da tsinkaye sun taru a layi, ko ciyawa ta fi ta ko'ina kore, ruwa na zama a nan. Ku nemi ɗan tudu mai gangara kaɗan, kai ya kasance ta sama in an kwanta.

Busasshen rafi wuri ne mai jan hankali don yashinsa laushi gare shi kuma a shimfiɗe yake, amma kar ku kuskura. Ruwan da aka yi a can nesa kan tudu, wanda ku ko ɗigo bai taɓa ku ba, yana iya gangarowa cikin dare ya cika shi cikin mintuna. Ku ba kowane rafi ko tafki tazarar kamar mita 60. Ku ɗaga kai ku dubi sama ma, kar a kafa ƙarƙashin bishiya mai busassun rassa, ko doguwar bishiyar da take tsaye ita kaɗai a fili, ko bishiyar kwakwa mai 'ya'ya.

In a kan rairayin gaɓar za ku kwana, kuma dokar wurin ta yarda, to sai an yi lissafin cikar teku. A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika yake haurowa fiye da kullum, in aka haɗa da iskar hadari ya ƙara. Ku nemi layin ciyawar teku da tarkace da ruwa ya bari a kan yashi, nan ne iyakar inda ya kai a baya, ku wuce shi sosai zuwa sama. Ni dai da ƙananan yara na fi son filin zango da aka tanada a bayan gaɓa, mai bayi da ruwan famfo da ma'aikata, a riƙa takowa teku da rana. Ku tambayi masu wurin inda ruwa ke kwanciya, sun fi kowa sani.

Wajen kafawa, in ana ruwa ku fara ɗaura babban tamfol, kaya da yara su fake a ƙarƙashi. A ɗaura shi da gangara, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, in ba haka ba ruwa ya taru a tsakiya ya yi tumbi ya tsinke igiya. Tamfol na ƙasa kuma kar ko ɗan yatsa ya leƙo wajen tanti, a naɗe gefensa ciki, domin duk abin da ya leƙo zai tari ruwan da ke zubowa daga rufi ya kai shi ƙarƙashinku kai tsaye. Ƙofa ta juya wa iska baya. Turaku a kafa su a karkace, kansu yana kallon nesa da tanti, kuma a ɗaure duk igiyoyin gefe ko da sama garau take, don da tsakar dare ake neman su. A yashi turke na yau da kullum ba ya kamawa, sai dai dogaye masu faɗi, ko ku cika leda ko ƙaramin buhu da yashi ku ɗaura igiyar a jiki ku binne. Rufin waje ya miƙe tsaf kar ya taɓa na ciki, kuma wasu yadudduka suna saki in sun jiƙe, sai a sake ja kafin a kwanta.

Mataki na huɗu, zama da ruwa

Doka ta farko ga yara: ba a shiga da takalmi, ba a shiga da jiƙaƙƙen kaya. A ajiye tsohon tawul da bokiti a zaure, a cire komai a nan. Ta biyu, ba a jingina da bango, kaya ma a janye su daga jikinsa.

Wani abu da ke ruɗa mutane, su tashi da safe su ga cikin rufi ya jiƙe su ce tanti na yoyo, alhali numfashinsu ne. Mutum biyar suna numfashi dare guda a rufaffen wuri, tururin ya hau ya tarar da yadi mai sanyi ya koma ruwa. Maganinsa a bar ƙananan tagogin sama a buɗe ko ana ruwa, kuma kar a shanya jiƙaƙƙun kaya a ciki, a ja igiya ƙarƙashin tamfol a shanya can.

Yanzu ga maganar da nake roƙonku kar ku yi wasa da ita. Komai ruwa komai sanyi, ba a shiga da risho ko tukunyar gas ko gawayi cikin tanti, ko a zaurensa in a rufe yake. Bayan haɗarin gobara, akwai iskar kabon monoksaid da wuta ke fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta kashe shi, kuma gawayin da kuke gani kamar ya mutu yana ci gaba da fitar da ita na awanni. Ta fi saurin kama yara. A yi girki a waje ƙarƙashin tamfol mai tsawo wanda gefensa a buɗe yake, nesa da tanti. In wani ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya bayan an zauna kusa da wuta, a fitar da kowa sarari a nemi asibiti. Ranar ruwa abinci mai zafi wanda tukunya ɗaya ta isa ya fi, kuma a tanadi abin da ba ya buƙatar wuta saboda ranar da iska ta hana kunnawa. Danyen nama da kifi a ƙasan kula cikin ƙanƙara, dafaffe kar ya wuce awa biyu a waje, ruwan da ba ku yarda da shi ba a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa.

Tsawa kuwa, tanti ba ya kare kowa daga ita, tamfol ma haka. In kun ga walƙiya ku ƙirga sakan har ku ji ƙarar, kowane sakan uku kamar kilomita ɗaya ne. In bai kai sakan 30 ba ta matso, amma maganar gaskiya da zarar kunne ya ji tsawa lokacin tashi ya yi. A shiga gini na gaske ko mota mai rufin ƙarfe a ɗage gilasai, a zauna sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. Saboda haka mota ta kasance kusa, makullinta a wuri ɗaya da kowa ya sani, kuma kar a ajiye ta inda za ta kafe a laka.

In ruwa ne kawai ba tsawa ba iska, ku bar yara su fita, su sa rigar ruwa su taka kududdufi su tara katantanwa, sun fi jin daɗin wannan a kan zaman ciki. Sai dai ku sa ido, yaron da ke karkarwa, leɓensa ya canza, ya yi shiru ko yana magana a hargitse, sanyi ya fara shigarsa, a cire jiƙaƙƙun kaya nan take a naɗe shi a ba shi abu mai ɗumi. Don zaman ciki kuma a ɓoye wata jaka da ba su san da ita ba, takardu da fensir mai launi, kati, ƙaramin littafi, a fito da ita sai ranar ta zo.

Mataki na biyar, ranar teku

Kar ku tsara tun daga gida cewa ranar kaza ce ta teku. Kowace safiya a duba hasashen yanayi da jadawalin cikar teku a waya, in an samu sarari a tafi a lokacin, jakar teku ta kwana a shirye. In an tafka ruwa mai yawa, gara a jira kwana ɗaya zuwa uku kafin a shiga ruwan, musamman kusa da bakin kogi ko magudana, don duk ƙazantar tudu can take gangarawa. A ranakun a yi wasan yashi.

Ku zaɓi gaɓar da ke da masu ceto. A ƙasashe da dama tuta mai ja da rawaya tana nuna tsakanin inda suke gadi, nan ake wanka, ja zalla kuma kar a shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu, shiru abin yake faruwa cikin ƙanƙanin lokaci. Don haka a naɗa babba ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya ba hira, bayan ɗan lokaci ya miƙa wa wani da baki, "yanzu ke ce", har ta amsa. Inda manya suka yi yawa nan aka fi sakaci, kowa na zaton wani na kallo. Ƙarami kuwa kar ya wuce inda hannu zai kai gare shi, kuma rigar ceto ta gaske ita ce abin dogaro, balan-balan ɗin hannu da zoben iska kayan wasa ne, iska mai kaɗawa daga tudu tana iya jan su cikin teku da yaron a kai.

Ku koya wa manyan yara maganar ruwa mai ja. Wani siririn layi ne inda ruwan da igiyoyi suka turo yake komawa ciki da ƙarfi, kuma abin tsoron shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, ba kumfa, ruwan ya ɗan fi duhu. Wanda ya faɗa ciki kar ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kayar da mutum. Ya kwanta rigingine ya yi iyo a sama, ya ɗaga hannu ya yi kira, in yana da ƙarfi ya bi ta gefe daidai da gaɓa har ya fita. Wanda ke tudu ya kira masu ceto ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, kar ya faɗa haka kawai.

Gajimare ba ya tare hasken rana mai ƙuna, mafi yawansa yana ratsa gajimare marar kauri, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Man kare rana mai SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariyarsa da ake rubutawa a jikin robarsa, a shafa kamar minti 20 kafin fita, a sake duk awa biyu da bayan an fito daga ruwa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa gwargwadon hali, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa ba a sa shi a rana sam. A riƙa tura musu ruwan sha, don mai wasa ba ya tuna ƙishi. Ramin da suke haƙa a yashi kar ya wuce gwiwar ƙaraminsu, kar a yi rami mai shiga ƙarƙashi don yana ruftawa, a cike shi kafin a tashi. In za ku zaga bayan duwatsu ku tafi lokacin da teku ke janyewa, kar ya dawo ya rufe muku hanya.

Da an dawo zango a ɗauraye ƙafa a bokitin ƙofa, a wanke gishiri da ruwan daɗi, kayan wanka su hau igiya. Yashi zai shiga dai duk yadda kuka yi, tsintsiyar nan ce maganinsa kowace yamma kafin a yi shimfiɗa.

Mataki na ƙarshe, tashi

Ku san lokacin haƙura. In hukumar yanayi ta yi gargaɗin guguwa ko ambaliya, ko kayan barci sun jiƙe ba yadda za a busar kafin dare, ko yaro ya kama zazzaɓi, a tattara da sauran haske, a kwana a masauki ko a koma gida.

In ana ruwa ranar tashi, a haɗa komai a cikin tanti a kai mota, yara su shiga, sannan a sauke tanti, babban tamfol shi ne ƙarshe. Jiƙaƙƙen tanti a cusa shi cikin babbar ledar shara, ba sai an tsaya naɗewa ba. A zaga wurin a tsince shara da turakun da suka ɓuya a ciyawa. A gida kuma kar ya wuce kwana ɗaya a ledar, a baza shi a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau, har igiyoyi da jakarsa, in ba haka ba fumfuna ta kama shi ya yi wari, abin da ke tare ruwan ma ya lalace. Zif da sanduna da turaku a wanke su da ruwan daɗi a goge, gishirin teku yana cin ƙarfe kuma yashi yana kashe zif.